Shaidar da Allon Talla Ke Bayarwa

Al'ada ce da ta zama ruwan dare a wannan zamani, duk sa'ad da babbar gasa ta gabato, sai hukumar wasanni ta ƙasa, tare da kamfanonin da ke ɗinka wa 'yan wasa riguna da masu ɗaukar nauyin tafiyarsu, su zaɓi fuskoki uku ko huɗu daga cikin tawagar, su manna su a allunan bakin titi da jikin motoci da filayen jirgin sama, su ce wa duniya ga kamannin al'ummarmu. A ƙasashen da jama'arsu ta haɗa launi dabam-dabam kuwa, zaɓen nan ba da ka ake yinsa ba, domin masu yinsa sun sani sarai cewa wanda ya ga baƙi da fari sun dafa kafaɗar juna cikin riga iri ɗaya, zai ɗauka haka zaman yake a gida. A nawa ganin, irin wannan hoto shaida ce da ƙasa ke bayarwa a kan kanta; shaida kuwa, kamar yadda malaman fiƙihu suka tabbatar tun da daɗewa, alƙali ba ya gina hukunci a kanta sai an yi tazkiyyar mai bayar da ita, an ga cewa zahirinsa bai saɓa wa baɗininsa ba.

Babu inda wannan mas'ala ta bayyana ƙarara kamar Afirka ta Kudu, a wasan zari-ruga. Shekaru masu yawa a ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata, tawagar Springboks da koriyar rigarta sun kasance alamar izzar farar fata, musamman jikokin Turawan Holan, har ya zamana baƙaƙen da aka keɓe wa lungu guda a filin wasa sukan yi wa kowace baƙuwar tawaga tafi, don kawai su ga an kunyata waɗanda ake cewa su ne wakilan ƙasarsu. Mu ma nan ba 'yan kallo ba ne a cikin wannan tarihi, gama a shekarar 1976, lokacin da tawagar New Zealand ta je ta yi wasa da su duk da kiraye-kirayen da aka yi mata, ƙasashen Afirka fiye da 20, ciki har da Nijeriya, suka janye daga gasar Olimfik ta Montreal, kuma ɗan Nijeriya Abraham Ordia, shugaban majalisar ƙoli ta wasannin Afirka, yana cikin waɗanda suka ja ragamar wannan ƙauracewa. An hana Afirka ta Kudu shiga gasar cin kofin duniya ta zari-ruga a 1987 da 1991. Sai bayan da aka soke dokokin wariya, aka zaɓi Nelson Mandela shugaban ƙasa a 1994, sannan ta karɓi baƙuncin gasar 1995 a ƙarƙashin taken "ƙungiya ɗaya, ƙasa ɗaya".

To, a cikin tawagar da aka ce ita ce ƙasa ɗaya, a ƙasar da farar fata ba su wuce kimanin ɗaya bisa goma na jama'arta ba, mutum guda tak ne ba farar fata ba, watau Chester Williams, ɗan garin Paarl, daga cikin waɗanda dokar wariya ta lasafta ruwa-biyu. Shi aka ɗora wa nauyin tallar duka. Kamfanin jirgin sama na ƙasar ya kafa fuskarsa a manyan alluna, baƙon da ya sauka daga jirgi ita zai fara gani, ta yadda wanda bai san ƙasar ba zai iya rantsuwa cewa rabin tawagar irinsa ne. Sai ƙaddara ta yi nata ikon, ciwon cinya ya kama shi ana dab da fara gasa, aka cire sunansa, allunan suka ci gaba da tsayuwa suna tallar tawagar da babu baƙi ko ɗaya a cikinta. Bai samu komawa ba sai da aka dakatar da Pieter Hendriks saboda dambe da ya ɓarke a wasansu da Kanada. Da ya dawo kuwa bai ba da kunya ba: a zagayen 'yan takwas, a karawarsu da Samoa ta Yamma, sau huɗu yana ratsa abokan hamayya yana dire ƙwallo a bayan layinsu. Ran 24 ga Yuni suka doke New Zealand da 15 da 12 a filin Ellis Park na Johannesburg, Mandela ya fito sanye da koriyar rigar nan mai lamba 6 irin ta kyaftin Francois Pienaar, ya miƙa masa kofi, duniya ta yi ta jinjina.

Abin da ya biyo baya shi ne tazkiyyar da muke magana a kai. Ba a cika shekara biyu ba, a farkon 1997, sai da mai horar da tawagar, André Markgraaff, ya ajiye aiki bayan da aka fitar da kaset ɗin da aka naɗi muryarsa yana zagin baƙaƙen jami'an wasan da lafazin ƙasƙanci irin na zamanin wariya. Da gwamnati ta kafa kwamitin binciken hukumar zari-ruga, shugabanta Louis Luyt ya garzaya kotu, har aka tilasta wa Mandela kansa, dattijon da ya ara musu mutuncinsa ranar kofi, ya tsaya gaban alƙali yana amsa tambayoyi a watan Maris na 1998. Shi kuwa Chester Williams, a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2002, ya bayyana cewa ya sha baƙar magana saboda launinsa daga bakin wasu da ya sa riga ɗaya da su, kuma haɗin kan da aka yi ta shela bai daɗe ba bayan gasar. Wanda aka kafa hujja da fuskarsa ke nan, ya zo da bakinsa ya warware hujjar.

Duk da haka ba na tare da masu cewa al'amarin riya ne tsantsa, ba shi da wata fa'ida. Mandela ba yaro ba ne, ya san adadin baƙaƙen da ke cikin tawagar ranar da ya sa rigar. Abin da ya yi siyasa ce ta mai hangen nesa, wanda ya fahimci cewa mutanen da ke riƙe da soja da dukiya, in aka ƙwace musu abin da suke ƙauna gaba ɗaya, fitina za ta tashi, in kuwa aka shiga cikinsa tare da su, wata rana za a gaje shi. Haka nan ba ƙaramin abu ba ne yaron unguwar talakawa ya ɗaga kai ya ga mai kama da shi a allon da a da ba a taɓa sa irinsa ba. Aibin yana wajen waɗanda suka ɗauki hoton a matsayin biyan bashi, alhali kuwa takardar amsa bashi ce kurum suka sa wa hannu a gaban jama'a.

Turai ma ta ba da irin wannan shaida, an kuma jarraba ta ta wata fuska, watau ranar faɗuwa. Ran 12 ga Yuli 1998 Faransa ta ci Barazil 3 da nema a wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa, Zinedine Zidane, ɗan Aljeriyawa haifaffen Marseille, ya jefa biyu da ka, a tawagar da ke da Marcel Desailly haifaffen Accra, da Patrick Vieira haifaffen Dakar, da Lilian Thuram ɗan tsibirin Guadeloupe. Aka haska fuskar Zidane a jikin babbar ƙofar nasara ta birnin Faris, 'yan jarida da 'yan siyasa suka yi wa tawagar laƙabi da "baƙi, fari, Balarabe", suka ce ga sabuwar Faransa. Shekara huɗu bayan haka Jean-Marie Le Pen, wanda tun 1996 yake kushe tawagar da cewa 'yan ƙasar waje sun cika ta, ya kai zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa; a 2005 unguwannin bayan gari, inda da yawa daga cikin 'yan ƙwallon suka tashi, suka kama da wuta makonni; a 2011 kuma jaridar Mediapart ta fallasa wani zama da manyan masu horarwa na hukumar ƙwallon ƙafa suka yi, inda aka tattauna taƙaita adadin yara masu takardar zama ɗan ƙasa biyu a makarantun horo. An yi bincike, an wanke kocin ƙasa Laurent Blanc, amma ba wanda ya musanta cewa an yi zaman.

A Jamus an ba Mesut Özil lambar yabo ta haɗin kan al'umma a 2010, ƙasar ta ci kofin duniya da shi a 2014. Da aka fitar da ita tun zagayen farko a 2018, ga kuma surutun hoton da ya ɗauka da shugaban Turkiyya, sai ya bar tawagar yana mai cewa in an ci shi Bajamushe ne, in an faɗi kuwa baƙo ne. A Ingila, ran 11 ga Yuli 2021, bayan Marcus Rashford da Jadon Sancho da Bukayo Saka sun ɓarar da fenareti a wasan ƙarshe na gasar cin kofin Turai da Italiya a Wembley, kafin gari ya waye an cika shafukansu na intanet da zagin launin fata, an ɓata zanen Rashford da ke jikin wani bango a Manchester. Saka, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, shekararsa 19 a lokacin. Adalci ya wajabta a ambata cewa hukumar ƙwallon Ingila ta yi tir da abin nan take, jama'ar unguwa kuma suka lulluɓe ɓarnar da takardun ƙauna. Sai dai wanda ya yi tallar riga da fuskar yaro makonni huɗu, haƙƙinsa ne ya tanadi kariyarsa tun kafin a buga fenaretin, domin ya san halin wasu daga cikin masu sayen rigar.

Akwai kuma wurin da mai ɗaukar hoto ba ya leƙawa, watau bencin masu horarwa da ɗakin taron hukuma. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2022 ya nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na 'yan wasan gasar Firimiya baƙar fata ne, amma a muƙaman koci ba su kai kashi 5 ba. Ƙafa ana karɓarta daga kowa, tunda ƙwallo a raga ba ta da gardama. Amanar jagoranci ce ake rowa, domin ita sai an yarda da hankalin mutum.

A nan, abin mamaki, Afirka ta Kudu ta sha gaban waɗanda suka daɗe suna yi mata wa'azi, kuma dalili shi ne gwamnatinta ba ta bar al'amarin a hannun masu talla ba. Bayan saukar Luyt a 1998 Silas Nkanunu ya hau shugabancin hukumar. Peter de Villiers ya zama kocin farko wanda ba farar fata ba a 2008. A 2016 ministan wasanni Fikile Mbalula ya hana hukumomin zari-ruga da kurket da wasu biyu neman karɓar baƙuncin manyan gasa saboda sun kasa cika adadin da suka yi alkawari. Masu sukar wannan hanya suna cewa cancanta kaɗai ya kamata a duba, kuma maganarsu ba ta rasa gaskiya, gama ƙayyade adadi yana jefa shubuha a kan gwanin da ya hau da guminsa, kowa na cewa launinsa ne ya kawo shi. Amma da'awar cancanta ba ta inganta a ƙasar da wani yaro ya tashi a makaranta mai filayen ciyawa da likita da abinci sau uku, wani kuwa yana wasa ba takalmi a kan tsakuwa. Kuma ƙarya ce a ce baƙaƙe ba su san wasan ba, tunda a lardin Cape ta Gabas suna buga shi tun ƙarni na 19. Lissafi dai ya nuna inda aka dosa: a wasan ƙarshe na 2007 mutum biyu ne ba farar fata ba cikin 15 da suka fara, Bryan Habana da JP Pietersen, a na 2019 a Yokohama, inda suka lallasa Ingila 32 da 12, shida ne, kuma Makazole Mapimpi da Cheslin Kolbe su ne suka dire ƙwallayen da suka rufe wasan. Wanda ya ɗaga kofin shi ne Siya Kolisi, baƙin kyaftin na farko, wanda Rassie Erasmus ya naɗa a 2018, ya kuma sake ɗaga shi a Faris a 2023. Sa'ad da aka sa fuskar Kolisi a allo, babu mai cewa an ara ta ne don a rufe wani giɓi.

Saura da me? Saura tushen, wanda Kolisi da kansa ya ce daga nan ya kamata gyara ya fara, yana mai cewa ba zai so a zaɓe shi don launinsa ba. An haife shi a 1991 a unguwar Zwide da ke gefen garin da a lokacin ake kira Port Elizabeth, kakarsa ce ta rene shi cikin rashi, kuma hanyarsa ba ta buɗe ba sai da aka hange shi yana ɗan shekara 12 a wata gasar yara, aka ba shi gurbin karatu kyauta a makarantar Grey, ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun da suka saba fitar da 'yan Springboks. Ma'ana, sai da aka ɗauke shi daga unguwarsu aka kai shi inda filin yake. Mapimpi, ɗan ƙauyen Tsholomnqa, wanda bai bi ta irin waɗannan makarantu ba, sai da ya kai shekara 27 kafin ya sa rigar ƙasa karo na farko, kuma ana ba da labarinsa ne a matsayin abin al'ajabi saboda ƙarancin irinsa. Gurbin karatu na ɗaukar yara ƙalilan ne daga unguwa mai dubban yara. Sauran suna nan a makarantun gwamnati na Zwide da Tsholomnqa, kuma kuɗin da kamfanoni ke biyan hukumar don su sa sunansu a ƙirjin koriyar rigar, ya kamata majalisar dokokin ƙasar ta riƙa tambaya kowace shekara nawa ne daga cikinsa ya isa can.