Gaggawar da Ta Rusa 'Yan Sandan Timor ta Gabas

Sharhinmu na yau ya yi nisan zango, sai Timor ta Gabas, rabin tsibirin nan da ya samu 'yancin kai a 2002 bayan shekara 24 a hannun Indunusiya.

Ranar 25 ga Mayu 2006, a Dili babban birnin ƙasar, 'yan sanda suka ajiye bindigoginsu, suka fito daga hedikwata a jere, suna tafe a ƙasa, tutar Majalisar Ɗinkin Duniya na tare da su. An ba su amana cewa ba abin da zai same su. Sai sojojin ƙasarsu suka buɗe musu wuta, aka kashe takwas.

Ni dai abu guda nake zargi, gaggawa. Da gaggawa aka kafa rundunar 'yan sandan a 2000: horon wata uku, a miƙa wa yaro kaki. Da gaggawa aka dawo da ɗaruruwan da suka yi wa Indunusiya aikin ɗan sanda, aka yi musu gajeren kwas. Su kuwa sojoji daga mayaƙan Falintil aka ɗebo su, mutanen da suka ci wuya a daji suna yaƙar Indunusiya. Don Allah, wanda ya kwana a kan dutse da yunwa, da wane ido zai kalli wanda ya yi wa mai mamaya aiki, yau ga shi da kaki da mota? Ba wanda ya tsaya ya sasanta su, ba wanda ya shata wa kowa iyakar aikinsa. Da sojoji kusan 600, akasari 'yan yammacin ƙasar, suka koka da wariya suka bar bariki, nan ma gaggawar ce: a Maris 2006 aka sallame su baki ɗaya. Rikici ya ɓarke, mutum kimanin 150,000 suka bar gidajensu.

Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne masu horarwar. An tattaro su daga ƙasashe barkatai, kowa da irin tasa koyarwar, yawancinsu ba sa jin Tetum, harshen jama'a. Kafin mutum ya san hanyar kasuwa, wa'adinsa ya cika, ya ɗaure kaya. Yaya za ka koya wa ɗan sanda sauraron matar da aka yi wa sata, alhali kai kanka sai da tafinta?

Sauri ya haifi nawa, jama'a. Dole aka koma tantance 'yan sandan ɗaya bayan ɗaya, kuma sai a Maris 2011 aka mayar musu da ragamar tsaron ƙasarsu.