Kada biko ya rushe umarnin kotu

A Kaele, hedkwatar Mayo-Kani a Kamaru, matar da miji ya daka ta gaji takan yi yaji zuwa gidan iyayenta. Bayan kwana biyu sai ga 'yan biko da goro. "'Yata, ki yi haƙuri, zaman aure ibada ne." Ba ni da ja da sulhu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wannan biko yake share abin da alƙali ya riga ya yanke domin tsare ranta.

Kamaru ba ta da dokar musamman da ke hana mai duka kusantar matarsa. Faransa ta yi tata a 2010. Najeriya ta sa irin wannan umarnin kariya a dokar VAPP ta 2015, har da hanyar sauya shi ko soke shi a gaban kotu. Mu abin da muke da shi kaɗan ne. Kundin laifuffuka na 2016 ya hukunta korar mace daga gidan aurenta a sashe na 358-1. Idan kuma ta nemi saki, zaman sulhu ya ci tura, alƙali yakan ba ta izinin zama dabam, ya faɗi wanda zai riƙe yara, ya yanka wa miji kuɗin ciyarwa.

To amma wannan kariya a jikin ƙarar saki take rataye. Ta janye ƙarar, komai ya faɗi. Wa'adin ci gaba da shari'a ya wuce saboda ba ta da kuɗin mota daga Gidigis ko Mulfudai, nan ma ya faɗi. Wadda ba ta son rabuwa, duka kawai take so a daina, ina za ta nufa? Ni a ganina nan ne babban giɓin.

Ina roƙon alƙalanmu abu guda da ba ya buƙatar sabuwar doka. Duk ranar da mace ta zo ta ce "na yafe", a saurare ta ita kaɗai, ba kawu a gefe, ba surukai a bakin ƙofa. A tambaye ta wa ya kawo ta, kuma ina za ta kwana yau. Mai tsoro ba ta iya cewa a'a a gaban wanda ya aurar da ita.

Aisa Dumara, wadda ta samu kyautar Simone Veil a 2019, tun 1996 take wannan gwagwarmaya da ƙungiyar ALVF mai yaƙi da cin zarafin mata a Marwa. Su ya kamata majalisa a Yawunde ta saurara, ta yi dokar da za ta ba mace kariya ko ba ta nemi saki ba, a iya tsawaita ta muddin barazana tana nan, kuma kada a soke ta sai alƙali ya ji daga bakin matar. Masu sarautar gargajiya, su lawan da jauro, su ci gaba da sasanta gidaje, amma su bar takardar kotu a hannun kotu.