Wayar tauraron ɗan adam: lasisi na Abuja, na'ura na daji

A watan Yunin 2013, rundunar haɗin gwiwa ta JTF ta haramta amfani da wayar Thuraya a jihar Borno. Kafin nan an riga an katse layukan waya a yankin bayan kafa dokar ta-ɓaci, sai sojoji suka ce 'yan Boko Haram sun koma wayar tauraron ɗan adam, wadda ba ruwanta da ƙarfen sabis. A Satumbar 2021 aka sake rufe layuka a Zamfara don toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu su ne mai POS, da ɗan kasuwar hatsi, da iyalan mara lafiya da ke neman mota cikin dare.

Yau irin wannan rufewa ba za ta yi tasirin da ta yi a da ba. Ƙaramar na'urar Starlink tana shiga jakar goyo, batir ko farantin sola ya ishe ta, kuma tana ba da intanet a tsakiyar daji. Saboda haka batun lasisinta ya tashi daga aikin ofis, ya zama batun tsaro.

A takarda, Najeriya ba ta da giɓi. Dokar Sadarwa ta 2003 ta hana kowa samar da sabis ba tare da lasisin hukumar NCC ba, kuma dole hukumar ta gwada kowane nau'in na'ura ta amince da shi kafin a sayar. Starlink ya samu lasisi a 2022, ya fara aiki a Janairun 2023, Najeriya ce ƙasa ta farko a Afirka. Hukumar ta kuma nuna tana da haƙora: a Oktoban 2024 da kamfanin ya ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000 ba da izininta ba, ta taka masa birki, ya janye.

Matsalar ita ce lasisi yana ɗaure kamfani ne, na'ura kuwa tafiya take yi. Wanda ya saya a Kano yana iya sayar wa wani a Jibiya, gobe ta kwana a Maraɗi. Kamfanin da kansa yana da tsarin matafiya, wanda ke ba na'ura damar aiki a wata ƙasa na ɗan lokaci. Ta wannan ƙofa na'urori suka riƙa shiga ƙasashen Sahel tun kafin a ba kamfanin izini a can, har masu bincike suka sha ba da rahoton ganinsu a hannun ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai.

Haramci dai an gwada shi. Mali ta hana shigo da na'urorin a Maris ɗin 2024, ta janye hanin a Oktoban shekarar. Nijar ta zaɓi ba kamfanin lasisi, ya fara aiki a hukumance a Maris ɗin 2025. Sudan ce ta fi kowa darasi. Da layuka suka ɗauke a Fabrairun 2024, Starlink marar lasisi ya zama hanyar da mutane ke karɓar kuɗi daga 'yan uwa, amma a yankuna da dama mayaƙan RSF ne ke riƙe da na'urorin ko suke karɓar haraji a kansu. Inda hukuma ta ƙi buɗe ƙofa, ɗan sumoga da mai bindiga ne suke zama masu ba da lasisi.

Abin da ya kamata NCC ta riƙe da kyau shi ne kamfani, ba mai saye ba. Babu na'urar da ke aiki sai kamfanin ya kunna ta, kuma ya san inda take, domin da sanin wurin ne tauraron ke aika mata saƙo. Don haka sharaɗin lasisi ya fito fili: kada a kunna na'ura ko layin Thuraya sai an haɗa shi da lambar NIN, kamar yadda aka wajabta wa layukan waya tun Disambar 2020, kuma idan ta canja hannu a sake rajista. Bayanan wurin da na'ura take kuwa, jami'an tsaro su same su da umarnin kotu kawai. In ba haka ba, ɗan jarida da ɗan adawa ne za a fara bi, ba ɗan bindiga ba.

Rajistar kuma ta zama mai sauƙi, kyauta, a wurin dillali. Asibitin ƙauye da ba shi da sabis bai kamata ya aika mutum Abuja da takardu ba.

Sai batun iyaka, wanda ya fi wuya. Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ta rage wuraren da jami'an ƙasashen biyu ke haɗuwa, amma NCC da takwararta ARCEP ta Nijar ba sa buƙatar taron shugabanni kafin su riƙa musayar lambobin na'urorin da aka sace ko aka kama, su kuma nemi kamfanin ya kashe su a ƙasashen biyu rana ɗaya.