Ledar Ruwa Ba Ta Ɓacewa

 Bayan kun shanye ruwan leda a hanya, ina kuke kai ledar?

Ɓawon ayaba yakan ruɓe cikin makonni, amma leda takan shafe shekaru masu yawa tana nan. Iska ta kwashe ta zuwa kwata, ta cakuɗe da yashi, ta toshe kwalbati. Idan aka sheƙa ruwan Agusta kamar da bakin ƙwarya, sai ya rasa hanya, ya faɗa gidajen mutane. Wanda ya kwanta kuma ya zama matattarar sauro, zazzaɓi ya hana yara zuwa aji. Akuya ma idan ta haɗiyi leda, sai ta cushe mata tumbi, ta yi ta ramewa har ta mutu. Ƙonawa ba mafita ba ce, domin hayaƙin yana cutar da huhu.

Ruwanda ta haramta ledar cefane a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Doka tana taimakawa, amma ba ta bin kowa lungu-lungu. Sauran aikin yana hannunmu.

Ku fara da abu uku. Ku riƙe ledar a jaka har sai kun ga kwandon shara. Ku riƙa zuwa makaranta da gorar ruwa. Idan Umma ta aike ku cefane, ku tafi da jaka daga gida.

Ranar Juma'a kuma, kowane aji ya ƙirga ledojin da ya tsince a harabar makaranta. Mako mai zuwa a sake ƙirgawa, a ga ko sun ragu.