Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Darasi Daga Yaran Isa Da Sabon Birni

 

A wannan watan na ajiye zancen girki da na kwalliya, zan ɗauke ki mu tafi gabashin Jihar Sakkwato, ƙasar Gobir, wato Isa da Sabon Birni, can kusa da iyakar Nijar. Na san wata za ta ce, ni da nake Kano ko Zariya ko Kaduna me ya haɗa ni da Isa? Ki daure ki bi ni zuwa ƙarshe, domin in kika ga gemun ɗan uwanki ya kama wuta, ai kin san abin da Hausawa suka ce a yi.

A ranar 21 ga Maris, 2024, Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato ta sanar da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, cewa ana ta kawo yara daga Ƙaramar Hukumar Isa da wani irin ciwo. Cikin yaro zai kumbura cikin ɗan lokaci saboda ruwa da ke taruwa a ciki, ga zazzaɓi, ga amai, ga rama. Zuwa watan Afrilu hukumar ta ƙirga mutum 164 a mazaɓu shida, wato Isa ta Kudu, Isa ta Arewa, Bargaja, Tozai, Turba da Tsabre, huɗu sun riga mu gidan gaskiya. Mafi yawansu yara ne 'yan shekara 4 zuwa 13. Daga baya aka ga irinsa a Sabon Birni. Hukumar ta kuma ce an taɓa ganin makamancinsa a 2023.

'Yar uwa, ki tsaya ki auna wannan a zuciyarki. Kina yi wa ɗanki wanka ki ga cikinsa ya yi tulu, haƙarƙari a waje. Ki ba shi jiƙo, ki ba shi rubutu, ki sayo maganin tsutsar ciki, abu sai gaba yake yi. Ki leƙa maƙwabta ki tarar su ma haka. Wace uwa ce za ta iya runtsawa?

Binciken farko da aka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya nuna ba irin cutar nan ce da ake ɗauka daga wani zuwa wani ba. Da aka gwada jinin yaran farko, sai aka sami ɓurɓushin dalma da na wani sinadari mai suna kuromiyam, kowane yaro da gwargwadon nasa. Saboda haka masu bincike suka mayar da hankali kan abin da ke kewaye da yaran: haƙar ma'adinai, magungunan feshi na gona, da irin magungunan da ake ɗura wa marar lafiya a gida. Ma'ana dai, an koma neman bakin zaren a ƙasar da yaro yake wasa a kai, da ruwan da yake sha, da abincin da yake ci.

Duk wadda ta ji an ambaci dalma, Zamfara za ta faɗo mata a rai. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da 'Yar Galma, yara aƙalla 400 suka rasu. Maza na kawo duwatsun zinare gida, ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida, wani lokaci da turmin da ake dakan hatsi. Ƙurar ta bi ɗaki, ta bi kwano, ta bi hannun yaro mai rarrafe zuwa bakinsa. Abin da nake so ki riƙe daga wannan labari shi ne yadda aka shawo kansa. Likitocin ƙungiyar MSF suna da maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma suka ce ba amfani a wanke jinin yaro a mayar da shi gidan da gubar take. Sai da aka kankare ƙasar saman gidaje aka kwashe, aka zubo sabuwa, sannan magani ya yi tasiri. A garin Bagega sai 2013 aka yi wannan aiki, saboda jinkirin sakin kuɗi, yara kuwa suna nan suna jira.

To wannan shi ne abin da nake son mu fahimta game da yadda gwamnatocin jihohinmu suke tsara abin da za su sa gaba. A takarda, muhalli ma'aikatarsa daban, lafiya tata daban, ruwa tasa daban, gona tata daban, kowace da kwamishinanta da kasonta. Amma a gidanki yaro ɗaya ne. Ruwan rijiyar da ma'aikatar ruwa ba ta gwada ba, shi ne zai kwantar da yaron da ma'aikatar lafiya za ta kashe kuɗi a kansa. In aka ce mana an sa muhalli a gaba, sau da yawa abin da ido ke gani shi ne sharar manyan tituna da ƙawata shataletale a babban birni. In aka ce lafiya, sai a nuna mana sabon gini da fenti. Duk suna da kyau, ba mai ƙi. Sai dai uwar da ke Tozai ko Gatawa, a bakin rijiya take auna gwamnati.

Ki dubi yadda ƙasar take. Gulaben Bunsuru da Gagare suna gangarowa daga ɓangaren Katsina da Zamfara, Gulbin Maraɗi kuma ya ratsa Nijar ya dawo, duk su zuba a Gulbin Rima, shi kuma ya wuce madatsar ruwa ta Goronyo, wadda birnin Sakkwato ke dogaro da ita. Wannan fadama ce ta riƙe Gobirawa tun zamanin Alƙalawa, ita ke ba su noman rani da kifi da wurin kiwo. Ruwa kuwa bai san iyakar jiha ko ta ƙasa ba, abin da aka zuba masa a sama shi zai kai wa na ƙasa. A 2010 ambaliya ta cinye garuruwa da gonaki a wannan kwari, a 2018 kuma ruwan Goronyo ya ja baya har hankalin mutanen Sakkwato ya tashi. In ruwa ya yi yawa, ya kwashi ƙazantar masai ya zuba a rijiya. In ya yi kaɗan, mutum da dabba su haɗu a tafki ɗaya. Ko ta ina, cikin yaro ne ke biya. A 2021 amai da gudawa ya kama sama da mutum 111,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 3,600, Sakkwato na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Ga kuma babbar masifar da ta danne komai, wato rashin tsaro. Ba mu manta ba, a Disambar 2021 aka tare motar matafiya da ta taso daga Sabon Birni aka banka mata wuta, sama da mutum 20 suka ƙone. Tun 2019 dubban mutanen yankin suke tsallakawa Jihar Maraɗi gudun hijira, wasu kuma sun cunkushe a manyan garuruwa, gida goma a kan rijiya ɗaya. A irin wannan hali, in ka ce wa uwa ta kai ɗanta Sakkwato, ka haɗa ta da kuɗin mota da ba ta da shi da kuma hanyar da take tsoro. Ma'aikacin lafiya ma ɗan wani ne, shi ma yana tsoron ransa. Don haka ba a raba maganar tsaron hanya da maganar lafiyar yara.

Da za a tambaye mu, mu iyaye mata, ga yadda za mu jera abin. Na farko, a riƙa gwada ruwan rijiyoyi da na burtsatse da ƙasar unguwanni a kai a kai, kuma a faɗa wa jama'a sakamakon da Hausa, a rediyo da masallaci da gidan hakimi: wannan rijiya a sha, waccan a rufe. Na biyu, inda aka rufe rijiya a samar da wata, domin ba a hana mai ƙishi shan ruwa da baki kawai. Na uku, asibitin mazaɓa ya zama da ma'aikaci da magani, manyan asibitocin Isa da Sabon Birni kuma su iya ɗaukar jinin yaro su aika gwaji ba sai uwa ta bi hanya ba. Na huɗu, a sa ido kan magungunan feshi da ake aunawa a kwalba a kasuwa ba suna ba bayani, a kuma hana dakan duwatsun ma'adinai cikin gari. Na biyar, dashen itace, amma irin wanda ake ba wa ruwa har ya girma. Sakkwato na cikin jihohi 11 da ke cikin shirin babbar katangar itatuwa ta hana kwararowar hamada, tana kuma cikin shirin ACReSAL na Bankin Duniya, wanda aka amince da dala miliyan 700 dominsa a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Tun 2001 kuma shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Ashe ba roƙon abin da babu muke yi ba, tambaya muke yi nawa ne ya iso bakin rijiyar ƙauye.

Kafin gwamnati ta iso, uwargida, akwai naki aikin. Ki sani jikin ƙaramin yaro yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma tana ratsawa daga mai ciki zuwa ɗan da ke cikinta. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin amai da gudawa, amma ba ya cire dalma, saboda haka rijiyar da aka ce a bari, a bar ta. Jarka ko galan da aka taɓa zuba maganin feshi, kada ki yarda ta zama ta ruwa ko ta mai, komai wankin da aka yi mata. In maigida ko samarin gida sun dawo daga feshi ko wurin haƙar zinare, ki roƙe su cikin ladabi su tuɓe kayan su yi wanka kafin su ɗauki yaro, ki kuma wanke kayan daban. Turmin hatsi na hatsi ne kaɗai. Ki riƙa wanke hannun yara da sabulu kafin cin abinci, ki yayyafa ruwa kafin shara don ƙura ta kwanta. Ki yawaita ba su wake da zogale da nono da ƙwai, domin yaron da jininsa ya yi ƙaranci ya fi saurin zuƙar gubar.

Sai kuma abin da na san zai yi wa wasunmu nauyi, wato kwalli. A 2012 hukumar lafiya ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka sami dalma a jininsa, aka bi sawu aka tarar daga kwallin da aka kai daga Nijeriya ne, wanda sama da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Don Allah a ɗaga wa jarirai ƙafa da kwallin dutse, ko da kakarsu za ta yi ƙorafi, a lallashe ta a yi mata bayani. In kuma kika ga cikin yaro yana kumbura, ko yana amai yana ramewa, ko ya fara suma, kada ki ɓata mako guda kina jiƙe-jiƙe. Ki kai shi asibiti, ki faɗa musu rijiyar da kuke sha da sana'ar da ake yi a gidan.

Daga ƙarshe, kada ki raina bakinki. A ƙarshen kowace shekara gwamna yakan kai kasafin kuɗi gaban majalisar jiha, kuma kowace mazaɓa tana da wakili a can, tana da kansila a ƙaramar hukuma. Mu ne muke cika layi ranar zaɓe. In kun haɗu a Islamiyya ko wajen adashi ko taron FOMWAN, ku rubuta tambaya uku: yaushe aka gwada ruwan unguwarmu, me aka samu, kuma wa ke kwana a asibitinmu? Ku ba mazajenku su kai wa mai unguwa da liman da kansila, ku aika gidan rediyo. In ɗan takara ya aiko da atamfa da sabulu, a mayar masa da waɗannan tambayoyi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in kuma bai faɗa ba, mai gyara zai wuce ya yi fenti a waje.

Allah Ya ji ƙan yaran da suka rasu, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya dawo da zaman lafiya ƙasar Gobir da Arewa baki ɗaya. 'Yan uwa na Isa da Sabon Birni, da waɗanda ke zaman hijira a Maraɗi, in wannan mujalla ta iso hannunku ku rubuto mana halin da ruwan shanku yake ciki, filin naku ne.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu. A shafa min kan yara.