Daga dandali zuwa Kano: labarin Fati Nijar

Idan anka gama girbi, anka ɗaure damman hatsi, biki yakan yi yawa a Ajekoriya da ƙauyukan Dakwaro. A wurin biki ana sa waƙoƙin rawa na Kano. Cikin muryoyin da ake ji har da ta wata ɗiyar jahar Maradi. Sunanta na yanka Binta Labaran, amma duniya ta san ta da Fati Nijar.

A ƙasar Maradi anka haife ta, nan ta girma. Tun tana ƙarama take son waƙoƙin da ƴan mata ke yi a dandali lokacin farin wata. Babu fiyano, babu lantarki. Tafi ne da murya, ɗaya ta bada waƙa, saura su amsa. Wannan ita ce makarantarta ta farko.

Daga baya ta tafi Kano wurin yayarta. Hanyar sananniya ce ga ƴan cin rani: Maradi, Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, sannan Kano. Can ta tarar da sana'ar fim ɗin Hausa ta kafu. Tun shekarar 1990 anka fito da fim ɗin Turmin Danya. A 1999 fim ɗin Sangaya ya fito, waƙarsa ta shiga gari da ƙauye. Daga nan masu fim sunka gane waƙa ce ke sayar da kaset. Sai anka shiga neman masu murya.

Ga abin lura na farko. Binta ba ta sulale ta tafi wurin masu kiɗa a ɓoye ba. Sai da ta nemi yardar yayarta, sannan ta shiga ɗakin ɗaukar waƙa.

Ga na biyu. Aikin ba kamar na dandali ba ne. Ana rubuta baitoci a takarda. Mai fiyano shi haɗa kiɗa. Mawaƙiya ta tsaya gaban na'ura ta rera, idan ta kuskure a sake, har sai ya yi daidai. Bayan haka, a cikin fim, wata ƴar wasa ce za ta yi rawa tana motsa baki. Mai kallo ya ga fuskar wata, ya ji muryar wata. Mawaƙa da yawa sun yi shekaru a haka, ana jin daɗin muryarsu, ba a san sunansu ba.

Waƙar da ta ɗaga sunan Fati Nijar ita ce Girma-Girma. Ta bazu a Najeriya da Nijar, har anka riƙa kiran mai ita Gimbiyar Mawaƙa.

Ƙaƙa ake sanin waƙa ta karɓu? A Amurka akwai wata jarida, Billboard, wadda tun 1958 take jera waƙoƙi 100 da sunka fi kasuwa kowane mako. A ƙasar Hausa ma'aunin daban ne. Tashar mota ce, da rumfar mai shayi, da gidan biki, da masu aiko da gaisuwa gidan radiyo. Idan yarinya na daka tana rera waƙa, yaro na bayan awaki yana rera ta, to waƙar ta ci gari.

Amma suna daban, kuɗi daban. A zamanin kaset, ƴan kasuwa kan kwafi waƙa su sayar ba da sanin mai ita ba. Da wayar salula ta zo, sai tura waƙa daga waya zuwa waya ya zama ruwan dare. Mawaƙin da ya sayar da muryarsa sau ɗaya, ko waƙar ta kai Agadas ta kai Legas, ba ya ƙara ganin ko dala. Wanda bai iya karatu ba kuwa, sai a miƙo masa takarda shi dangwala yatsa, bai san abin da ya sallama ba.

Kowace rani samari na barin Ajekoriya, wasu da burin zama mawaƙa. Ba a hana mai baiwa. Ƙasar Maradi ta fidda marigayi Sa'adu Bori, wanda faifansa da Musa Pusi ya fito a Ingila a 1994. Amma mai son bin wannan hanya shi tafi da yardar iyaye, shi tafi da haƙuri, shi tafi ya iya karanta abin da zai sa wa hannu. Makarantar yaƙi da jahilci na buɗewa bayan girbi. Kano ba ta gudu. A fara riƙe alli tukuna.

Allah shi sa a gane.