Injin da ke danƙare tsakuwar layin dogo

 Ran Asabar na haɗu da wani yaro a nan Nasarawa ɗauke da buhun tsakuwa, wai daga kan dogo ya kwaso za a zuba a ƙofar gida saboda taɓo. Raina ya ɓaci, don wannan tsakuwa ita ke riƙe da jirgi.

Ƙarafan dogo suna kwance ne a kan gungumen kankare ko na katako, gungumen kuma a kan tsakuwa. Yau da gobe nauyin jirgi da ruwan damina kan sa ta goce, layi ya lotsa ko ya karkace. A da leburori ke cusa ta da diga da shebur. Yanzu akwai inji mai tafiya a kan dogon, galibi launin rawaya, wanda kamfanin Plasser & Theurer na Ostiriya ya yi suna wajen ƙerawa. Yakan ɗaga ƙarafan, ya daidaita su bisa awon kwamfuta, sannan ya caka yatsun ƙarfe cikin tsakuwar. Yatsun na karkarwa kusan sau 35 a daƙiƙa, suna matse ta ƙarƙashin gungume har ta danƙare, kamar yadda ake girgiza mudun gero ya zauna.

A layin Abuja zuwa Rigasa, mai kilomita 186, da aka buɗe a 2016, jirgi na gudu sosai, don haka 'yar lotsawa kaɗan ta isa ta jijjiga tarago cike da mutane.

Yaron dai na sa shi ya mayar, yana ta ƙunƙuni.